Yadda Na Jefa Mai Fito a Ruwa

Na sha wahala iri-iri, amma ban ga wadda ta kai ta riƙe littafin da ba ka iya karantawa a gaban mutumin da kake jin kunya ba. Na yi dakon gishiri a tashar jirgin Binuwai, na yi shekara ashirin da ɗoriya a durƙushe gaban kekuna da ƙananan baburan mobilet na mutane cikin zafin Garwa. Duk wannan jiki ne ke ciwo, a kwanta a tashi ya wuce. Wancan kuwa sati bakwai ne kacal, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da su ba, balle Juma'ar da ta rufe su.

Abin ya samo asali ne daga ƙaryar da ba ni na yi ta ba, amma ni na yi shiru a kanta. Ranar da aka je nema mini auren Dija, kawuna ya kalli iyayenta ya ce ai yaron nan ya gama lekol, wato makarantar boko, har da satifika. Gaskiyar magana, allo na yi, sai shekara biyu a lekol, mahaifina ya rasu na fita neman abinci. Na san baƙaƙe. Ina karanta lambar mota da sunan da ke jikin kwalin kayan gyara. Faransancina na gareji ne, wanda ya isa a yi ciniki a yi zagi. Na ji abin da kawu ya faɗa, na ce a raina wa zai taɓa tambaya? Shekara goma sha ɗaya kuwa ba wanda ya tambaya.

Surukina, wanda unguwa ke kira Baba Akawu, jikan fataken Kano ne da suka zauna a Garwa. Ya yi aikin akawu a wani kamfanin sayen gyaɗa tun zamanin Turawa har bayan an sami mulkin kai. Mutum ne mai tsabta da ƙarancin magana. Da tsufa ya zo sai yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ya koma zaman zaure, carbi a hannu, rediyo a gefe.

Wata rana bayan la'asar na je gaisuwa. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin tabarma kamar yadda aka saba.

"Malam," in ji shi (haka yake kirana, ni da ko alƙalami ba na sawa a aljihu), "ina da roƙo."

"Umarni dai, Baba."

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro wani littafi mai kaurin bulo. "Idona ya tafi ya bar ni da wannan. In ba za ka takura ba, ka riƙa karanta mini ko shafi kaɗan ne in ka tashi daga aiki."

Wanda bai san surukuta ba zai ce me ya hana ka faɗi gaskiya a nan take? Mutumin da ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi ko da yake ba ya gani, ban taɓa furta sunansa ba, shi zan buɗe baki in ce wa da ƙarya na karɓi 'yarsa? Na karɓi littafin da hannu biyu.

Sai na dubi bangon littafin. Wani mutum ne bisa doki, rungume da takobi naɗe a cikin tsumma. Na san hoton nan. Na san baƙaƙen sunan ma, domin sun yi wata guda manne a ƙofar sinima. Fim ɗin nan mai kala, sau biyar na kalle shi daga bencin gaba, inda muke zama mu masu ƙaramin kuɗi, wuya a sama, kowa na fassara wa na kusa da shi. Labarin wani barde ne na zamanin takubba a ƙasar Turawa. An ci su da yaƙi, ubangidansa ya faɗi, shi kuma ya rantse sai ya kai takobin ubangidan gida, ko da zai ratsa ƙasar abokan gaba. Na ce a raina, Allah ya kawo mafita. (Ku lura, har Allah na sa a cikin maganar.)

"Baba," na ce, "harshena ba ya juya Faransanci da daɗin ji. Ko in riƙa dubawa ina juya maka da Hausa?"

Ya ja carbi kamar ƙwaya goma. Sannan ya ce, "Haka ma ya fi."

Da na kai littafin gida Dija ta gan shi, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ta ce na yayanta Sale ne, kyautar da aka ba shi a lekol shekarar da ya zo na ɗaya. Sale ya tafi kudu neman aiki tun kafin aurenmu. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru. Abokinsa Umaru da suka tafi tare, wanda yanzu malamin lekol ne a Maruwa, shi ya dawo ya ce wa Baba ya baro shi lafiya. Tun daga ranar ba a ƙara jin komai ba, ba a kuma yi zaman makoki ba.

"Baban Ladi," ta ce, "ka gaya masa gaskiya. Ni na sani, kai ka sani."

"Da wane bakin?"

"Da wanda kake cin tuwo."

Ban saurare ta ba. Na fara aiki washegari, kuma in faɗi gaskiya, satin farko har daɗi na ji. Ina buɗe littafi a cinya, in yi gyaran murya, in zuba. Barde ya yi tsalle daga soro ya dira a kan doki. Barde ya kara da mutum goma sha biyu a kan matakala, yana dariya. Ga wata yarinya mai gashi kamar zinariya da yake cetowa duk bayan kwana biyu. Duk inda hoto ya canza a kaina, sai in juya shafi, wani lokaci uku a haɗe don a ji motsin takarda. Baba yana zaune, fuska a sama. Wani lokaci ya tambaya, "Shafi na nawa muke?" Lamba kam ina karantawa. In ce ɗari da ashirin. Sai ya ce, "Yau dokin namu na gudu."

Sau ɗaya bakina ya zame na ce, "Sai aka nuno fuskarta tana kuka." Nan take na tuna littafi ba ya nuno fuska. Baba ya yi tari kawai ya nemi a miƙo masa buta.

A sati na uku ne ya fara tambayar da ta hana ni sukuni. "Malam, ina tsohon mai fito?"

Wane mai fito? A fim ɗina, da barde ya iso kogi, tsunduma ya yi da dokinsa suka yi iyo ana ta kiɗa. Ba jirgi, ba tsoho.

"Ba mu kai wurin ba tukuna, Baba."

"To. Allah ya kai mu."

Bayan kwana uku ya sake tambaya. Bayan sati ya sake. Ba da matsi ba, kamar dai mai tambayar ko motar Ngong ta iso. Na ƙara wa barde faɗa biyu daga kaina don in ja lokaci, har na sa masa zazzaɓi. Amma labarin fim ya kusa ƙare mini, littafi kuwa ko rabi ban cinye ba.

Na je wurin mai juya injin sinima, wanda nake gyara wa keke. Ya ce ai labarin nan sau biyu aka yi fim ɗinsa. Akwai tsoho, baƙi da fari, na zamanin da, kuma ya ji yana Maruwa a satin nan. Na rufe rumfa kwana biyu, na ce wa Dija kayan gyara zan sayo. Na hau bayan babbar mota a kan buhuna, rana ta gasa ni tun daga Garwa har muka hango dutsen Mindif. Mutum mai 'ya'ya huɗu, yana tafiyar yini guda don ya saci amsa.

Tsohon fim ɗin duk ya kakkarce, kamar ana ruwan sama a cikinsa. Bardensu ma wani mai tumbi ne, yarinyar kuma baƙin gashi gare ta. Amma da aka iso kogi, sai ga mai fito. Na kusa tashi tsaye. Wani ƙaton tsoho ne mai jan hanci, a buge yake, yana rigima a kan kuɗin fito. Sau uku yana faɗawa ruwa, na ƙarshe har wandonsa ya tafi. Gidan sinima ya kece da dariya, ni ma har da hawaye. Na ce lallai shi ya sa Baba ke jiran wurin nan, tsoho na son abin dariya. Duk hanyar dawowa ina bitar yadda zan kwaikwayi muryarsa.

Ranar Juma'a na iso zaure na tarar da baƙi. Tsofaffi biyu ne abokan aikin Baba na dā, sai wani siriri mai tabarau da farar riga. Shi ne Metir Umaru, malamin lekol ɗin nan abokin Sale, ya zo hutu ya biyo gaisuwa. Mai hankali da ya ga malamin lekol a wurin, da sai ya ce ya manta littafin a gida. Ni kuwa littafin na hammata.

Ɗaya daga tsofaffin ya ce, "A'a, ga mai karatun namu. Akawu ya ce ka iya ba da labari."

"Baba," na ce, har da ɗan murmushi, "yau mun iso wurin mai fito."

Baba ya ajiye carbinsa. Ya gyara zama, ya juyo da fuskarsa wajena. Ban taɓa ganin ya yi haka ba.

Na buɗe wajen shafi ɗari uku, na fara. Na yi muryar mashayi. Na yi rigimar kuɗin fito. Da na zo faɗawa ruwa ta farko, tsofaffin biyu suka yi dariya, sai kaina ya kumbura. A ta biyu na ɗaga hannu ina nuna yadda yake fafutuka. A ta uku, Allah ya yafe mini, na miƙe a kan gwiwa ina riƙe da mazagin wandona, a gaban surukina, littafin ma yana ƙasa a kife. Ban lura ba ashe dariyar ta daɗe da tsayawa.

Metir Umaru ne ya miƙo hannu ya ɗauki littafin. Ba da mugunta ba, na shaida masa wannan. Ya shafa bangon, ya buɗe shafin farko inda sunan Sale yake, ya daɗe yana kallo. Sannan ya duba inda na buɗe.

"Yallaɓai," ya ce a hankali, "wane littafi kake karantawa? Nan ba kogi. Mai fito yana can baya, shafi na casa'in. Kuma bai taɓa faɗawa ruwa ba."

Shafi na casa'in. Na wuce shi tun kafin sati na uku, kuma da bakina na faɗa wa Baba lambar. Wato ranar da ya fara tambayata ina mai fito, ya riga ya san mun bar shi a baya.

Ban san yadda na koma na zauna ba. Na kafa ido a kan wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero a bakin tabarma, ina fatan in zama ita.

"Umaru," in ji Baba, "mayar masa da littafinsa. Ni na ce ya ba ni na sinima. Ban taɓa shiga ba, yanzu kuwa ko na shiga ba abin da zan gani. Ya yi mini ƙoƙari."

Da ya zage ni, da ya ce in tashi in bar masa gida, wallahi da ya fi mini sauƙi. Tsohon da ya yi shekara talatin yana riƙe da littattafan kamfani ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ga shi ya yi ta a gaban abokansa don ya rufa mini asiri.

Ɗaya tsohon, don ya kawar da shirun, ya ce, "To Akawu, na littafin yaya yake?"

Baba ya ɗauki carbinsa amma bai ja ba. Ya ce a littafin barde ba ya dariya. Dokinsa ya mutu tun a farkon hanya, a ƙasa ya iso kogi, ƙafa a kumbure. Mai fito siririn tsoho ne, ba ya sha, ba ya surutu. Yana da ɗa guda da ya tafi yaƙin nan, kuma kullum a gaɓar da sojoji ke dawowa yake ɗaure jirginsa, ko da yake gidansa na ɗaya gaɓar. Suna tsakiyar ruwa ya faɗi sunan ɗan, ya tambayi barde ko ya san shi. Barde ya san shi. Shi ya rufe masa ido da hannunsa. Amma sai ya dubi ruwa ya ce, na baro shi lafiya, yana tafe a baya.

"Tsohon dai," in ji Baba, "ya ci gaba da tuƙi. Da suka isa ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ce wa barde, na gode da ka dubi ruwa ba ka dube ni ba. Sannan ya juya jirgi ya koma can gaɓar ya ɗaure, kamar kullum. Shafi goma sha ɗaya ne. Sale ne ya fara karanta mini su a nan inda Malam yake zaune."

Ba wanda ya motsa. Metir Umaru ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa. Ya buɗe baki ya ce, "Baba..."

"Ka gaida mutanen Maruwa, Umaru. Allah ya yi maka albarka. Ka yi abin da ya kamata tun tuni."

Metir ya tashi. A bakin ƙofa na ga yana neman takalminsa alhali yana tsaye a kansa. Tsofaffin ma suka yi sallama, saura ni da Baba.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Mai gashin zinariyar nan. Ya aure ta a ƙarshe?"

"Ya aure ta, Baba. Ubangidan nasa ma ashe bai mutu ba, ya dawo ana ta busa ƙaho."

"To madalla," in ji shi. "A littafin ba ta ma ciki. Takobin ya kai, amma ya tarar ba wanda ya rage a gidan da zai karɓa. Gara naku."

Na daɗe ina tunanin wannan gara naku. Mai sinima tsoronmu yake ji. Ya san in ya bar tsoho a gaɓar kogi yana jiran gawa, mu 'yan bencin gaba za mu fasa masa benci mu nemi kuɗinmu. Shi ya sa na farko ya mai da tsohon wawa, na biyu ya share shi gaba ɗaya, kowa ya koma gida da dariya. Shi kuwa mai littafi ba ya ganin fuskar kowa, sai ya faɗi abin yadda yake faruwa da mutane. Ni da na kalli labarin sau shida ban san akwai abin kuka a cikinsa ba. Baba da ba ya ganin tafin hannunsa, shafi goma sha ɗayan nan kaɗai yake nema, ya haƙura da sati bakwai na tsalle-tsallena ko Allah zai sa in yi tuntuɓe da su. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: ƙaryar ranar neman aure ba ta mutuwa, zama take yi tana jiran ranar da ka yi baƙi. Kuma in za ka yi wa makaho ƙarya, kada ka riƙa faɗa masa lambar shafi.

Baba bai ga ƙarshen daminar shekarar ba. Babin nan guda shi kaɗai muka samu muka gama, sauran littafin har yau yana cikin akwatin Dija ban taɓa shi ba. Amma na yi gaba da labari.

Da na koma gida ranar Juma'ar, Dija ta dubi fuskata, ta ajiye mini tuwo ya huce a wurin. Washegari da safe ban buɗe rumfa ba. Na ɗauki littafin na tafi. Na cire takalmi, na durƙusa a bakin tabarma, na gaishe shi, sannan na faɗa tun kafin zuciyata ta hana ni.

"Baba, ban yi satifika ba. Shekara biyu na yi."

"Na sani tun ranar da ka sa hannu a takardar aure," in ji shi. "Ka riƙe alƙalami kamar sifana. Buɗe casa'in."

Na buɗe. Na ɗora ɗan yatsana mai baƙin mai a ƙarƙashin kalmar farko, na fara kiran baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Ni in kira baƙi, shi ya haɗa kalma, ya faɗa mini ma'anarta. Inda na yi kuskure ya ce sake, ba tare da ya ɗaga murya ba. Har aka kira azahar layi huɗu muka yi. Mai fito ko igiyar jirginsa bai kwance ba tukuna.